Zuwa ga mai tambayar: ina ruwanmu da kwandon shara?

Assalamu alaikum, Malam.

A shirin rediyon da aka yi da mu guragu kan tsaftar gari ka bugo waya ka ce, mutanen da har yau ba su samu hanyar shiga asibiti da banki ba, ina su ina zancen kwandon shara? Lokaci ya ƙure kafin in amsa maka, shi ya sa na rubuto.

Ba mu yar da maganar asibiti ba. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara mashiga. Wa'adin ya cika a 2024, muna nan muna bibiya. Sai dai asibiti sai ta kama ake zuwa, shara kuwa kullum ce.

Ka ari keken guragu ka gwada. Kwandon da ake yayi yanzu, mai fedal, sai an taka murfin ke buɗewa. Wanda shan inna ya shanye wa ƙafa da me zai taka? Babbar kwantena kuma bakinta ya kai kafaɗar mai tsaye. Mafi muni shi ne mazauninta: tsallaken lambatu, an gicciya katako ɗaya, gabanta ga fasasshiyar kwalba da ƙusa da ruwan kwata. Taya ta taka, hannu ya kama taya, da hannun za a ci tuwo. Masu tafiya a kan allo, silifa a hannu, nasu ba a magana. Ƙarshenta ka biya yaro ya kai maka, ko ka yar da ledar a titi a ce guragu ƙazamai ne.

Gyaran ba tsada. A Amurka ƙa'ida ce abin da mai keke zai miƙa wa hannu kada ya wuce santimita 122 daga ƙasa. Rabin duro ma ya wadatar, da murfin da hannu ɗaya zai tura, a rufe lambatun da silab, a bar filin juya keke. Guragun Kano da ke walda suna ƙera kekunanmu, kwando ba zai gagare su ba.

Roƙonmu ga masu kwashe shara, kafin a girke kwando a kira mai keke ya jefa leda a ciki. In ta shiga, a girke.

Wassalam,
ɗan'uwanka, mai walda a Kano