Arba'in da bakwai: abin da muka yi tarayya da maƙwabtanmu a Legas

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana da 'yan'uwana Hausawa mazauna Legas, mu na Agege, Idi-Araba, Obalende da Mile 12, a kan lambobin da addinai suka yi tarayya a kansu, da amfanin da za mu ci idan muka san su.

A fara da arba'in. A Suratul A'araf aya ta 142, Allah ya yi wa Annabi Musa (AS) wa'adin dare 30, ya cika masa da 10, suka zama 40. Kirista ko Bayahude ya buɗe littafin Fitowa, zai tarar da Musa a kan dutse kwana 40, dare da rana. Shekara 40 ɗin da Bani Isra'ila suka yi suna ɗimuwa a jeji tana cikin Ma'ida aya ta 26, tana kuma cikin nasu littafin. Manzon Allah (SAW) yana da shekara 40 aka fara saukar masa da wahayi a kogon Hira. Kiristoci sun yi imani Yesu ya yi azumin kwana 40 a jeji, can ne ma asalin azumin da suke yi kafin Ista. Abin bai tsaya a littafi ba, ya shigo har cikin ɗakunanmu: mai jego sai ta yi arba'in take komawa harkokinta, kuma a dokar Musa kwana 40 ne aka yanka wa wadda ta haifi ɗa namiji. Idan aka yi rashi, mu da Musulmin Yarabawa duk mun san addu'ar arba'in, ko da yake malamanmu sun yi saɓani a kan hukuncinta.

Bakwai ma haka. Ɗawafi bakwai, Safa da Marwa bakwai, tsakuwa bakwai a wurin jifa, Fatiha aya bakwai. Mafarkin sarkin Masar na shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu, wanda Annabi Yusuf (AS) ya fassara, yaron Islamiyya ya san shi, yaron da ke zuwa coci ran Lahadi ma ya san shi. Yahudawa kwana bakwai suke zaman makoki. Indiyawan Ilupeju masu bin addinin Hindu, ango da amarya taku bakwai suke yi a gaban wuta kafin aure ya ƙullu. Sha biyu kuwa, ga idanun ruwa 12 da suka ɓuɓɓugo da Musa ya daki dutse, ga almajiran Yesu 12.

To amma kada wani ya karanta wannan ya ce ai addinan duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, kuma ba a gina zaman lafiya a kan ƙarya. Mu da su mun yarda an halicci sammai da ƙasa a kwana shida. Littafin Farawa ya ce Allah ya huta a rana ta bakwai, Alƙur'ani kuma a Suratu Ƙaf aya ta 38 ya ce wata gajiya ba ta shafe shi ba. Lamba uku fa? A nan ne ma muka fi rabuwa, domin abin da yake ginshiƙin aƙida a wurin Kirista, wato Allah uku cikin ɗaya, Suratun Nisa'i ta hana mu faɗinsa ƙarara. Masu addinin gargajiya na Yarabawa kuma lissafinsu daban ne, Ifa, wato tsarin dubarsu, a kan 16 ya ginu, sha shida sau sha shida, 256. Bai zo daidai da namu ba ko kaɗan, amma mai shi yana nan a layinmu, kuma haƙƙin maƙwabtaka bai faɗi a kansa ba. Haka nan ba ina nufin lamba tana da wani ƙarfi ko sirri ba. Masu cacar loto da ke neman lambar sa'a a mafarki, da bokayen da ke lissafa sunan mutum su karɓe masa kuɗi, ba su cikin wannan magana.

Abin da nake nufi shi ne sanin juna. A 2025 mun ɗauki azumi ranar 1 ga Maris, 'yan Katolika da Angilikan suka shiga nasu ranar Laraba 5 ga wata. A gidan hayarmu akwai wata dattijuwa Bayarabiya mai sayar da burodi. Ta dawo daga coci da safe da toka a goshi, yaranmu suka bi ta da dariya, wani har yana nuna mata ta goge. Na kira su na tambaye su kwana nawa Annabi Musa ya yi a Ɗuri Sina. Suka haɗa baki, arba'in. Na ce to Iya ma yau ta fara azumi na kwana arba'in, tokar nan tunatarwa ce cewa daga ƙasa muke, can za mu koma. Suka yi tsit. Da magariba ƙaramarsu ce ta ɗauki kofin kunu da ƙosai ta kai mata ƙofar ɗaki, ta durƙusa ta ce, "Iya, ga buɗa-baki." Tsohuwar ta karɓa da hannu biyu tana sa mata albarka da Yarabanci. Ba wanda ya bar addininsa a ranar, amma yaran ba su sake yi mata dariya ba.

Mu da muka ga rikicin Hausawa da Yarabawa da ya faru a Idi-Araba a Fabrairun 2002 da Mile 12 a Maris ɗin 2016 mun san kuɗin rashin sanin juna. Waɗancan rigingimun ba na addini ba ne, amma mutumin da ba ka san ranar azuminsa ko ranar makokinsa ba, da wuya ka tsaya masa ranar da gari ya rikice.

Majalisar NIREC ta haɗin kan addinai a Najeriya, wadda aka kafa a 1999 kuma Sarkin Musulmi da shugaban ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN, ke jagoranta, manya take haɗawa a zauren taro. Mu na ƙasa a bakin famfo da cikin danfo muke haɗuwa, kuma ba mai koya mana komai a can. Don haka, Edita, ina roƙon ku ware shafi ko sau ɗaya a wata, ku gayyato malami da fasto masu ilimi da natsuwa, kowa ya bayyana yadda littafinsa ya kawo ƙissar Musa ko ta Yusuf, inda aka haɗu a faɗa, inda aka rabu a faɗa, ba muƙabala ba, ba neman kayar da wani ba. Ku kuma riƙa sanar da mu ranar da azumin Kiristoci zai kama, kamar yadda kuke sanar da ganin watan Ramadan. Limamanmu na Agege da sarakunan Hausawa na unguwanni, don Allah ku ma ku sa baki.

Na gode.

Mai karatunku,
daga Agege, Legas