Wasiƙa zuwa ga Lawali a kan jiniya da abin da kawunka ya gani

Lawali ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da maigidanka da abokan aikinka. Nan gida kowa lafiya lau, sai ƙafar innarka da ka sani, ita ma da sauƙi. Rubutu na yi maka don duk sa'ad da na ɗauki waya sai in tuna wataƙila kana kan sitiyari, kuma ba ni zan sa ka ɗaga waya kana tuƙi ba. In ka sauke kaya a Tasawa, ka nemi inuwa ka karanta a natse.

Kawunka Isufu ya zo ran Juma'a bayan la'asar. Ya ce ya gan ka wajen babbar kasuwa, motar asibiti ta keto cunkoso tana jiniya, mutane suna darewa, kai kuwa ka manne mata a baya kana bin hanyar da aka buɗe mata. Ya ce ko tsawon amalanke babu tsakaninku. Sau biyu na tambaye shi ko ya tabbata kai ne, ya ce ya san motar Alhaji, ya kuma san ƙeyarka. Tun ranar barcina bai cika ba.

Kafin in faɗi abin da ke raina, bari in maimaita maka abin da ake yi in an ji jiniya, ko da za ka ce ka sani. Ka ɗage ƙafa daga totur, ka kashe rediyo, ka sauke gilashi kaɗan, ka duba madubi duka uku. Cikin gari ƙarar tana dukan bango ta dawo, sai ka ɗauka daga baya take alhali daga kwanar gabanka za ta ɓullo. Don haka ba a kaucewa sai an ga shuɗiyar fitila da ido. In ka gan ta a bayanka, ka kunna sigina ta dama, ka waiga kafaɗarka ta dama saboda 'yan kabu-kabu da ke shiga inda madubi ba ya kaiwa, sannan ka raɓe a hankali, ka tsaya in hanyar ta matse. Sigina ita ce maganarka da direban nan; da ita yake sanin ka gan shi, da kuma gefen da za ka bar masa. Kada ka kunna fitilun haɗari huɗu kana tafiya, suna haɗiye siginar, ba wanda zai san inda ka nufa. Kada kuma ka taka birki da ƙarfi a tsakiyar kwalta. Motar 'yan kwana-kwana tana ɗauke da ruwa dubban lita, kowace lita kilo guda, ruwan kuma yana tunkuɗa ta gaba in an taka. Ba za ta tsaya inda ƙaramar mota ke tsayawa ba. In ta wuce, ka sake duba madubi kafin ka koma, don sau da yawa ba ita kaɗai ba ce, wata na biye.

Inda direbobi ke ruɗewa shi ne gaban jar wuta. Kana sahun gaba, jiniya na kuka a bayanka, na baya suna danna oda, wani yana zaginka ta taga. Kada ka ƙetare mahaɗar. Masu koren wuta suna tahowa da gudunsu, yawancinsu ba su ji komai ba, in suka cake ka a ciki laifin naka ne, kuma ka toshe hanyar gaba ɗaya. Ka karya sitiyari dama, ka matsa iyakar filin da kake da shi, na hagunka ya matsa hagu, tsakiya ta buɗe. Shi ya sa ake barin tazara in an tsaya, yadda kana ganin tayoyin bayan motar da ke gabanka suna taɓa ƙasa. Wannan ɗan filin da shi ake juyawa. In ɗan sanda na wurin ya yi maka hannu ka wuce, to wuce, hannunsa yana gaba da fitila. A shataletale kuwa ba a tsayawa ciki. In ba ka shiga ba, dakata. In ka riga ka shiga, fita ta mafitarka sannan ka raɓe.

A babbar hanya, ta Damagaram ko ta Ɗan Isa, abin da ke kifar da mota bakin kwalta ne. Wurare da yawa ya zaizaye, akwai gangara tsakaninsa da ƙasa, ƙasan kuma rairayi ne, da damina taɓo. In ka sauka da gudu tayar dama za ta nutse, motar ta ja ka, ka fizgi sitiyari don ka hau, ita kuma da buhuna a sama ta kwanta. Rage gudu tukuna tayoyinka huɗu na kan kwalta, sai ya zama kamar tafiyar keke, sannan ka sauke na dama. In jiniya ta riske ka a kwana, ko hawan tudu, ko kan gada, kada ka tsaya nan, don direban ba ya ganin abin da ke zuwa kuma ka tilasta masa shiga hannun wasu a makance. Ci gaba da tafiyarka da sigina a kunne har inda hanya ta miƙe. Kada kuma ka ƙara wuta wai don ka tsere mata. Iyakar gudu tana kanka ko da jiniya ko babu. In daga gaba take zuwa, ka rage gudu ka riƙe damarka sosai, ta yiwu tana wuce wata motar ta shigo hannunka.

To, yanzu maganar kawunka. Lawali, me ya kai ka? Minti nawa ka ci? Biyar? A makarantar koyon tuƙi an ba ku lissafin nan: a gudun kilomita 50 mota tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda, kuma daƙiƙa guda ke wucewa tsakanin idonka ya ga jar fitilar birki da ƙafarka ta taka. Kafin ta tsaya cik ta ci mita 25 a busasshiyar kwalta, da tayoyi masu kyau, babu lodi. Kai kuma ka bar mita uku ko huɗu, da kaya a baya, a kan titin da rairayi ya rufe rabinsa. Direban motar asibiti yana taka birki ba zato, a kowace mahaɗa sai ya rage ya duba kafin ya ƙetare, ga yaro, ga akuya, ga mai kura. Ranar da ya taka kana manne da shi, ƙafarka ba za ta ma kai kan birki ba.

Ka san abin da ke bayan ƙofar nan da za ka daka? Gadon maras lafiya ne, ƙafafunsa suna dab da ita. Wataƙila mace ce aka ɗauko daga Dakwaro ko Mayahi, naƙuda ta gagara tun jiya, jini yana zuba. Wataƙila yaro ne da zazzaɓin damina ya shanye wa jini, ledar ƙarin ruwa tana lilo a ƙugiya, allura a bayan hannunsa, malamin asibiti a durƙushe ba ɗamara, kakarsa ta riƙe masa kai, tukunyar iska a gefe. Sun sha ramuka da tudun rage gudu na kowane ƙauye, saura kaɗan su ga ƙofar asibiti a Maraɗi, sai ɗana ya zo ya ƙarasa su saboda yana sauri ya sauke buhun masara. Wannan hoton ne ke hana ni barci. Tara ana biya, permi, wato lasisin tuƙi, in an karɓe ana sake nema, mota Alhaji zai gyara ko ya kore ka. Rai fa? Da wane ido zan je gaisuwar mutanen nan?

Kuma ba motar asibitin kaɗai ce cikin haɗari ba. Duk wanda ya kauce wa jiniya, da ta wuce yake komowa kan hanya, idonsa na kanta, bai san akwai wani a gindinta ba. Mai babur da matarsa da goyo su ne za su faɗo gabanka. Alfarmar da doka ta ba motar nan tata ce ita kaɗai, ita ma sai ta kunna fitila da jiniya tana bakin aiki. Kai in ka bi ta ka ƙetare jar wuta, jar wuta ka ƙetare, jandarma ko ɗan sanda ba zai saurari wani bayani ba, kuma wanda ya daki mota ta baya shi ake fara tuhuma. Ko ɗan'uwanka ne a ciki, Allah ya kiyaye, ka bar ta ta tafi, ka bi a hankali, asibitin ba ya gudu.

Na san za ka ce tsohon nan ya cika faɗa, kamar yadda ka ce lokacin da na hana ka babur ɗin Sani. Na hana, kuma ko yau aka dawo zan sake hanawa. Da aka zo maganar permi ai ni na tsaya maka, har abin da ka sani ya fita daga garke, ban kuma taɓa yi maka gori ba, yanzun ma ba gori nake ba. Na yarda da hannunka ne shi ya sa na kai ka wurin Alhaji da kaina. Hannunka yana da kyau, kowa ya shaida. Zuciyarka ce ke da gaggawa, irin ta kakanka.

In ka tarar da haɗari a hanya, ka wuce shi ka ajiye motarka nesa, ka sa alamar nan mai kusurwa uku kamar mita 30 kafin wurin, ka kira 18, lambar 'yan kwana-kwana, ka faɗi ƙauyen da ke kusa da lambar dutsen kilomita. Ka bar wa masu ceto filin tsayawa, kada ka shiga sahun 'yan kallo masu ɗaukar hoto.

Innarka ba ta san da maganar nan ba, na roƙi kawunka ya bar ta tsakaninmu. Ka zo ran Juma'a mai zuwa mu ci tuwo, in ji ta bakinka, don ban yanke maka hukunci ba tukuna. Ka gaya wa Alhaji madubin dama ya tsage, na gan shi ranar da ka kawo gero, a canza shi kafin ka sake hawa hanyar Ɗan Isa. Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.