Wasiƙa daga ɗakin gwaji

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da su Hajiya da mai ɗakinka da yara. Ka ce in daina yi maka kwana-kwana, in faɗa maka abin da nake nema har nake kwana a ɗakin gwaji. To saurara.

Farauta muke yi, amma dabbar ba ta ganuwa, sai sawunta. A 1937 wani masani ɗan Italiya, Ettore Majorana, ya lissafo cewa a cikin ƙananan ƙwayoyin halitta, waɗanda kowacce ke da kishiya, za a iya samun ƙwayar da ita ce kishiyar kanta, ana kiranta ƙwayar Majorana. Shi kansa a 1938 ya ɓace, har yau shiru. A 2001 wani masanin, Alexei Kitaev, ya nuna cewa a cikin siririyar waya, ilektaron, wato ƙwayar da ke ɗaukar wutar lantarki, zai iya yin kamar ya rabe biyu, rabi a wannan baki, rabi a wancan, kowane rabi tamkar ƙwayar Majorana, dabbar da muke farauta ke nan. Abin da ya sa masu ƙera kwamfutar kwantum, wato mai lissafi da irin waɗannan ƙananan ƙwayoyi, ke zawarcinta ke nan: bayanin da aka raba wa bakuna biyu, hayaniyar gefe ɗaya ba ta ɓata shi.

Wayar tamu ta sinadarin indiyom da antimoni ce, kaurinta kamar nanomita 100, sai ka jera ɗaruruwa kafin su kai gashin kai ɗaya. Muna manna ta da ƙarfen da wuta ke bi ba turjiya, mu saka a na'urar sanyi mai haɗa nau'i biyu na sinadarin hiliyom, mu jira kwanaki har ta sauka kusan milikelbin 20, wato dab da ƙarshen sanyi. Sannan mu kunna maganaɗisu, mu riƙa ɗiga ilektaron ta wata 'yar ƙofa a bakin wayar. In dabbar na nan, tozo zai fito a layin awon da ke allon kwamfuta, daidai inda ƙarfin wutar da muke turawa yake sifili.

A 2012 mutanen wani masani Leo Kouwenhoven a Delft ta ƙasar Holan suka ga irin wannan tozon, duniya ta ɗauka. Amma kama da wane ba ta wane. Ɗan datti a jikin waya ma yakan haifar da wani yanayi da ake kira na Andreev, tozonsa sak na Majorana. Har wata maƙala kan ganin wannan tozon da mujallar kimiyya ta Nature ta buga a 2018 sai da aka janye ta a 2021.

Ni ma na sha nawa. Daren Talata, wajen ƙarfe biyu, ina gyangyaɗi da kofin shayi a hannu, sai ga tozo tsaf. Wallahi saura kaɗan in yi sujjadar godiya. Da safe malamina ya leƙa, bai ko zauna ba, ya ce in auna ɗaya bakin. Na auna, wayam. Rabi ɗaya ba ya zuwa shi kaɗai, ka ga kenan datti ne ya yi min wasa da hankali.

Gobe za mu ɗumama na'urar mu sa sabuwar waya, mako guda ya tafi. In ka sami mai zuwa, don Allah yaji da kilishi, na wancan karon ya ƙare tun azumi. Ka gaida Hajiya, ka ce ta sa ni a addu'a.

Naka har kullum.