Cika mota da yara ba shi ne darasi ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na rediyo na makon jiya kan kai ɗalibai gidan tarihi ya ɓata mini rai, kuma gara in faɗa muku ba ɓoye-ɓoye. Baƙon da kuka gayyato ya yi ta yabon makarantar da ta kwashi yaranta kaf, manya da ƙanana, ta zuba su a gidan tarihi da safe ta kwaso su da azahar, mai gabatarwa kuma sai madalla yake ta cewa. Madalla da me? Yaran da aka jera a layi ɗaya, na gaba yana jin mai bayani, na baya yana kallon ƙeyar ɗan uwansa, me suka koyo? Yanzu shugabannin makarantu da suka saurare ku za su ɗauka haka ake yi.

Aikin yana farawa ne tun kafin a nemi mota. Malamin da zai jagoranci tafiyar shi zai fara zuwa, shi kaɗai, mako ɗaya ko biyu kafin ranar, da manhajar zangon a hannunsa. Ya zagaya ya zaɓi abubuwa biyar ko shida, kada su wuce haka, waɗanda suka haɗu da darasin da ajin ke ciki. Ya tsaya gaban kowane akwatin gilashi ya duba yara nawa za su iya gani a lokaci guda. Yawanci ba sa wuce takwas zuwa goma. Ya durƙusa ya duba daga tsayin yaro, domin akasari ana kafa akwatuna da rubutun bayani daidai idon babban mutum, ɗan shekara bakwai kuwa sai ya yi ɗage. Ya tambayi inda ake ajiye jakunkuna, inda ban ɗaki yake, ranar da gidan ke rufe da ranar da ba cunkoso, da ko suna da jami'in da ke kula da makarantu. Ya kuma tambaya ko akwai kayan kwaikwayo da aka yarda yara su riƙe. Duk wannan ba ku taɓo ko ɗaya ba.

Aji ɗaya ake kaiwa a tafiya ɗaya. A raba shi rukuni-rukuni, yara goma da babban mutum ɗaya, kowane rukuni ya fara daga wani abu daban, bayan minti goma zuwa sha biyu a sauya wuri. Sa'a ɗaya ta isa, in an matsa sa'a ɗaya da rabi. Abin da ya wuce nan ƙafa ce ke tafiya, hankali ya riga ya koma mota. Masu aikin gidajen tarihi sun daɗe da sanin wannan gajiyar. Tun 1916 wani jami'in gidan kayan fasaha na Boston a Amurka, Benjamin Gilman, ya yi rubutu a kanta. Akwai kuma abin da malamai kan manta: yaron da bai taɓa shiga irin wurin ba, ginin da kansa zai ɗauke masa hankali, da matakala, da mai gadi, da amsa-kuwwar murya. Don haka a nuna musu hotunan wurin a aji kwana ɗaya kafin tafiya, sannan da an shiga a ba su minti goma su ƙare wa ɗakin kallo kafin a ce a buɗe littafi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne takardar tambayoyin da baƙon naku ya karanto yana alfahari. "Wace shekara aka gano wannan? A ina aka same shi?" Amsar duk tana rubuce a jikin akwatin. Yaro zai ruga ya kwafe rubutun, ya wuce, bai ɗaga ido ya kalli abin ba ko sau ɗaya. Tambaya mai amfani ita ce wadda sai an duba abin da kyau ake iya amsa ta. Ku ɗauki kan mutum-mutumin yumɓu na Nok, wata tsohuwar al'umma ta tsakiyar Najeriya, irin waɗanda ke gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952. A sa yara su zana shi da fensir na minti biyar, ba magana. Mai zane dole ya lura cewa idanun sun yi kusurwa uku, kuma akwai huda a ƙwayar ido da ƙofofin hanci, wasu har da baki. Sai a tambaye su: me ya sa maginin ya huda? Za su yi ta hasashe, a bar su su yi. Daga baya a gaya musu cewa cikin kan babu komai, rami ne, kuma in aka gasa yumɓu a wuta, iska da tururin da ke ciki suna buƙatar mafita, in ba haka ba ya fashe. Ga tarihi, ga kimiyya, ga zane, duk a tsayuwa ɗaya.

Haka kwale-kwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya a yankin da yau yake jihar Yobe. Tsawonsa ya haura mita takwas, shekarunsa kuwa wajen dubu takwas. Ko ajin bai je inda yake ba, a miƙe igiya mai wannan tsawon a filin makaranta, yara su jeru a gefenta su ga mutum nawa zai ɗauka, su yi tunanin yadda aka fafe gungumen itace ɗaya ba tare da ƙarfe ba. 'Yan babbar sakandare kuma a ba su lissafin yadda aka gane shekarun: sinadarin kabon-14 da ke jikin itace yana raguwa da rabi a duk shekara 5,730.

Sai batun dokoki. Cewa "kada ku taɓa" kawai ba ya hana yaro taɓawa. A faɗa masa dalili: gumin hannu yana da gishiri da maiƙo, yana cin tagulla da ƙarfe, ya bar shatin yatsa da ba ya goguwa. Ɗakin tufafi da tsofaffin rubuce-rubuce da gangan ake rage masa haske, domin haske na koɗar da rini da tawada, kuma abin da ya koɗe ba ya dawowa. Fensir ake shiga da shi, ba biro ba. Abinci yana jawo ƙwari, ƙwari kuma su ci fata da zane da takarda.

Malamai kuma, don Allah, a daina miƙa yara ga mai bayani a koma inuwa ana danna waya. Mai bayanin nan jawabi ɗaya ya haddace, shi yake yi wa baƙon ƙasar waje, shi zai yi wa ɗan aji uku, sai fa in an gaya masa ajin da abin da suka karanta, an kuma roƙe shi kada ya wuce minti uku a kan abu ɗaya. A ƙirga yara lokacin shiga mota, a ƙofar gidan, da lokacin fita, kuma a riƙe takardar izinin iyaye. In an dawo, kada a bari kwana uku su wuce ba a yi darasin bita ba. Kowane yaro ya rubuta wa abin da ya zana bayani da bai wuce kalma talatin ba, a manna a bangon aji. A nan malami zai gane wanda ya kalla da wanda ya yi rakiya.

Tun da na riga na ɗauki alƙalami, ku rage kiɗan da kuke sakawa a ƙarƙashin muryar baƙi. Tsofaffi da masu ƙaramar rediyo ba sa jin rabin abin da ake faɗa, ga shi kuna yanke mutum a tsakiyar magana don karanta gaishe-gaishe.

Ku sake shirin, ku gayyato jami'in ilimi na gidan tarihi tare da malamin aji, ku ba su lokaci su yi magana.

Wassalam,
Mai sauraronku a kullum