Wasiƙa daga Bakin Teku, Elmina, ƙasar Gana

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ya jikin Hajiya? Ka tambaye ni me ɗan Zango yake nema a tsakiyar teku da kwalabe. To, ga bayani.

A ruwan teku akwai ƙwayoyin tsirrai dangin gansakuka waɗanda ido ba ya gani. Da su ƙananan halittu ke rayuwa, kifi kuma ya ci waɗannan. Kusan rabin abincin da tsirrai ke haɗawa da hasken rana a duniya aikinsu ne. Mu kuma muna auna yawan abin da suke haɗawa a kowane zurfi.

Da asuba muke fita. Mukan zura farin faifai da igiya har ya ɓace wa ido, faifan Secchi ke nan, tun 1865 ake amfani da shi. Ninka wannan zurfin kusan sau uku, a nan haske ya koma kashi 1 cikin 100 na wanda ke saman ruwa. Sai mu ɗebo ruwa daga zurfi daban-daban, mu zuba a kwalabe biyu-biyu, ɗaya garau ɗaya baƙa, mu mayar da su inda muka ɗebo ruwan. A baƙar babu haske, numfashi kawai ƙwayoyin tsirran suke yi, iskar oksijin ta ragu. A garau ɗin kuwa suna haɗa abinci da haske, suna ƙara ta. Bambancin biyun shi ne lissafinmu. Gaarder da Gran suka fito da dabarar a Norwe a 1927. Ta kabon-14 da Steemann Nielsen ya kawo a 1952 ta fi kaifi, sai dai sinadarin nukiliya ne, sai da izini.

Ba saman ruwa ne ya fi albarka ba. Rana takan yi musu ƙarfi a can, takinsu kuma, naitiret da fosfet, yana ƙasa cikin ruwan sanyi, don haka sukan taru a tsakani. Tauraron ɗan'adam saman kawai yake hangowa. Shi ya sa ban yarda da masu cewa a ajiye jirgi a dogara da hotonsa ba.

Daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyin nan yakan taso sama a gaɓarmu, kifin sardin ya cika kasuwa. In za ka zo, zo a lokacin.

Ka gaida Baba da yara. Sai na ji daga gare ka.

Naka,
Amininka