Hoton ƙwaƙwalwa: kun faɗi rabi, kun bar rabi

Malam Edita, barka da aiki.

Shirinku na lafiya kan gigin tsufa ya ja mana asara. Baƙon naku ya yi ta nanata cewa yanzu akwai hoton da ke nuna amiloyid, furotin ɗin nan da ke daskarewa a ƙwaƙwalwar mai cutar Alzheimer, amma bai ce wane hoto ba, mai gabatarwa kuma bai tambaya ba. Mu nan Damagaram in an ce hoton kai, sikana muka sani.

Baba ya kai ga maimaita sallar la'asar, yana kiran ƙanwata da sunan marigayiya Inna, hannunsa na dama na karkarwa har shayi ya zuba masa a riga. Dangi na cewa sammu ne. Da jin shirinku yayana ya sayar da ragon da yake kiwo don layya, muka kai Baba sikana. Likita ya ɗaga hoton wajen taga, ya ce ƙwaƙwalwa ta ɗan motse, amma amiloyid sikana ba ta ganinsa ko kaɗan. Sai na'urar PET, wadda ake fara yi wa mutum allurar sinadarin nukiliya ya je ya manne wa amiloyid ɗin. Irin na farko, na jami'ar Pittsburgh a Amurka, da aka bayyana a 2004, rabin ƙarfinsa kan tafi cikin minti 20. Na baya-bayan nan minti 110. Ko a Yamai ake haɗa shi, kilomita wajen 900 ne tsakaninmu. A wace mota zai iso?

Abin da ya fi ƙona mini rai, likitan ya ce tsofaffi da yawa masu cikakken hankali suna da amiloyid ɗin, karkarwar cutar Parkinson kuma da wani furotin daban take da alaƙa, alfa-sinuklin. To me ya hana baƙonku faɗin haka? Wanda ke magana da talakawa ya san maganarsa kuɗi ce take fitarwa daga aljihunsu. Ku dawo da shi ya gyara, ya kuma gaya mana yadda za mu kula da tsohon da ke fita cikin dare yana neman gidansu na unguwar Birni da ya bari tun yana saurayi.

Sannan lambar da kuke bayarwa ta kiran shiri, don Allah wa ke riƙe da ita? Kullum kuɗinmu na ƙarewa ana ce mana mu dakata a kan layi, muryoyin da ke shiga kuma su ne dai na kowane mako.

Mai sauraronku daga unguwar Zango, Damagaram.