Molas da matsattsen rake ba shara ba ne, a gwada yin butirik asid da su

Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah a ba ni ɗan fili a wannan shafi in yi magana da masu ruwa da tsaki a harkar sukari a ƙasar nan, musamman Hukumar Bunƙasa Sukari ta Ƙasa da kuma jami'o'inmu. Ni mai kiwon kaji ne kuma ina haɗa abincinsu da kaina, to ta wannan ƙofar maganar ta shafe ni.

Tun da gwamnati ta amince da babban tsarin sukari a 2012 duk maganar da muke ji ita ce tan nawa za a noma, eka nawa za a share, yaushe za mu daina shigo da ɗanyen sukari daga Brazil. Duk wannan daidai ne, amma ba kasafai ake jin wani yana tambayar abin da ke fita ta bayan masana'anta ba. In aka matse tan 100 na rake, kusan tan 30 matsattsen rake ne ke ragewa wanda ma'aikata ke kira bagas, sannan a samu molas kamar tan 3 zuwa 4, wato wannan baƙin ruwa mai kauri da danƙo da ke saura bayan an kwashe ƙwayar sukari. Shi molas ɗin nan kusan rabinsa har yanzu sukari ne, kawai dai ya ƙi daskarewa. Yanzu a lissafa masana'antun sukari na Numan a Adamawa, da Sunti a jihar Neja da aka buɗe a 2018, da Lafiagi da Bacita a Kwara, in duk suka kankama yadda ake fata ai abin da za a tara ba kaɗan ba ne.

Akwai wani sinadari da ake kira butirik asid, wanda ake iya yi daga molas da bagas ɗin nan. Duk wanda ya taɓa buɗe ƙwaryar man shanu da ya daɗe ya lalace ya san warinsa, wannan warin mai hawa kai shi ne. To abin nan mai wari kuɗi ne wallahi. Ana haɗa shi da sodiyam ko kalsiyam a zuba a abincin kaji da 'yan maruƙa saboda yana gyara hanji, ƙwayoyin bangon babban hanji da shi suke samun ƙarfi, mu ma mutane bakteriyar cikinmu na yin sa in mun ci abinci mai harza. Tun da Tarayyar Turai ta hana saka maganin antibayotik a abincin dabbobi don ƙara girma a 2006 masu kiwo suka koma neman madadi, kuma wannan na cikin waɗanda aka fi runguma. Ana yin wani irin roba da fenti da shi, kuma abin mamaki in aka haɗa shi da etanol, wato sinadarin barasa, sai ya koma ƙamshin abarba, irin wanda ake sa wa alawa da lemon kwalba.

Yawancin wanda ke kasuwar duniya daga man fetur ake samo shi, ta hanyar wani sinadari da ake kira furofilin. Amma tun 1861 Louis Pasteur a Faransa ya gano cewa akwai bakteriya da ke yin sa daga sukari, kuma ba sa son iska sam, iska kashe su take ko ta hana su aiki. Wadda aka fi amfani da ita a bincike yanzu sunanta Clostridium tyrobutyricum, masu yin cukun Turawa sun san ta sarai don ita ke kumbura musu cuku ta fasa shi. Aikin kamar yadda matan Fulani ke zuba ɗan tsohon nono a sabuwar madara ne su rufe ta kwana, sai dai nan a babban tanki na ƙarfe ake yi, a tsarma molas da ruwa, a dafa a kashe duk wata ƙwaya da ba a so, a kore iskar ciki, a zuba irin bakteriyar, a riƙe zafi wajen digiri 37, kuma a riƙa ɗiga sinadarin da ke rage tsami saboda in tsamin ya yi yawa ita kanta bakteriyar tsayawa take. A lissafin takarda kilo ɗaya na gulukos ba zai ba da fiye da kusan rabin kilo na asid ɗin ba, sauran yana tafiya a iskar kabon da haidurojin da kuma asid irin na binega da ke fitowa tare da shi.

Ba na so in nuna kamar abin banza ne a sha. Wahalar farko wasu nau'in bakteriyar ba sa iya cin sukarin rake kai tsaye sai an fasa musu shi gida biyu tukuna. Shi kuma bagas ya fi taurin kai, itace ne fa, sai an dafa shi da asid mai rauni ko tururi an sa masa sinadaran da ke narka shi kafin sukarin ciki ya fito, kuma wurin dafawar nan wasu guba na fitowa da ke raunana bakteriyar, sai an wanke su. Abin da ya sa ake son ita wannan bakteriya shi ne tana cin gulukos tana kuma cin zailos, sukarin da ke fitowa daga ɓangaren itacen wanda yis na burodi ba ya taɓawa. Babbar matsalar kuma ita ce ta ƙarshe, asid ɗin yana fitowa ne a tsarme cikin ruwa mai yawa, raba shi da ruwan da kuma ɗan'uwansa na binega shi ke cin kuɗi da wuta, nan ne na fetur ke kayar da shi a farashi.

Amma nan ɗin ne ni nake ganin damarmu. Mu masu kiwo ba tataccen asid na sa wa turare muke nema ba, gishirinsa muke so, na kalsiyam ko na sodiyam, wanda za a busar a zuba a buhu. Wanda muke saya yanzu daga waje yake zuwa kuma da dala ake lissafa shi, duk ranar da naira ta faɗi sai ya tashi, ƙaramin mai kaji ɗari biyar ba ya ma tunaninsa, sai dai ya je kemis ya sayo antibayotik ya zuba a ruwan sha tun 'yan tsaki na kwana uku. Na sha ganin haka da idona, kaji lafiyarsu ƙalau amma ana ɗura musu magani wai rigakafi, kuma naman da ƙwan mu za mu ci, ranar da yaro ya kwanta a asibiti a ce magani ba ya kama shi. Wannan abin yana damuna ƙwarai.

Na san za a ce ai molas ba zubarwa ake ba, masu yin etanol na saya, masu kiwon shanu na saya, bagas kuma da shi ake hura tukunyar tururi ta masana'anta har a samu lantarki. Gaskiya ne, kuma ban ce a ƙwace daga bakin shanu ba. Cewa nake sayar da shi ɗanye shi ne mafi arhar abin da za a yi da shi, in rake ya ƙaru yadda tsarin ya tanada za a samu rara, gara a fara shiri tun yanzu.

Sai jan kunne ɗaya, kar wani ya karanta wannan ya je ya cika durom da molas a bayan gida ya rufe. Dangin Clostridium ne ke kawo ciwon tetanus mai sandarar da jiki da kuma wata muguwar gubar abinci mai shanye jiki, in ba tsabtataccen iri daga ɗakin gwaji ba ba ka san wa ka raina a durom ɗin ba. Aikin masana ne.

Roƙona ga hukumar sukari da Hukumar Binciken Albarkatun Masana'antu shi ne su ware kuɗi a kafa ƙaramin wurin gwaji a jikin masana'anta ɗaya, ko da tanki ɗaya ne, ba sai an jira katafaren kamfani ba. Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola ba ta da nisa da Numan, ta fasaha da ke Minna tana jiha ɗaya da Sunti, ɗalibansu na sashen ƙananan halittu da injiniyan sinadarai su yi aikin da molas na gaske maimakon gulukos ɗin kwalba. Abin da ya fito a kai wa cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika ta gwada a kan kaji da maruƙa, NAFDAC ta duba ingancinsa, sannan a buga sakamakon da lissafin kuɗin kilo ɗaya a fili kowa ya gani, har da Hausa don mu masu kiwo mu karanta.

Na gode.

Mai karatunku,
wani mai kiwon kaji daga Zariya